Rijiya Ta Huɗu a Ƙasar Batha

Shekara tara na yi ina aikin rijiyoyi a wani poroje a Maraɗi, kafin in aje aiki in dawo Dakoro in buɗe biro na kaina. Ɗaki guda ne bakin hanyar Kornaka, da tebur da kujeru biyu, da allo a ƙofa mai ɗauke da sunana: Isuhu, injiniya mai ba da shawara kan aikin ruwa. Na sa aka sassaƙa mani tampo, hatimin buga wa takardu. Wata bakwai yana kwance cikin aljihun tebur. Ranar kasuwa mutane kan leƙo su tambaye ni ko a nan ake cajin salula.

Sai da na zauna ni kaɗai na gane abin da na baro. A poroje, in ka rubuta rahoto akwai na sama da kai mai dubawa, kuma in abu ya ɓaci sunan poroje ake kira. A nan kuwa ba kowa sama da ni, ba kowa bayana.

Ana haka wani tsohon abokin aikina ya ba da sunana ga wata ƙungiyar agaji a Cadi. Sun sa an gina wa makiyaya rijiyoyin siminti shida a ƙasar Batha, ɗan kwangila ya ce ya gama, su kuma suna son injiniya daga waje, wanda bai san kowa ba, ya duba ya sa hannu kafin su karɓa. Wata Madam ce ta kira ni. Na amsa tun ba ta rufe baki ba.

A filin jirgin Njamena na tarar da wani dogon mutum riƙe da takarda mai sunana. Farar shadda, turare mai tsada, Faransanci kamar ruwa. Ya ce sunanshi Musye Adum, Madam ta yi tafiya wajen taro, shi aka bar wa amanata. Ya karɓi jakata da hannunshi. Muna shiga mota ya ce in kawo fasfo, dole a rubuta kowane baƙo wajen 'yan sanda, gobe za a maido mani. Na miƙa mashi har da godiya.

Gobe ta yi, jibi ta yi, ba fasfo. Kwana uku ina ɗakin otel ina kallon fanka. Na kira lambar Madam sau biyu, ba ta shiga. In na fito bakin titi sai Larabcinsu ya rufe ni, ban tsintar komi sai sallama da sunan Allah. Na tambayi Adum fasfona, ya dafa kafaɗata yana dariya.

"Ɗan'uwa, yana wajena, ba abin da zai same shi. Daji za mu shiga, mi za ka yi da shi can? Ka bari sai mun dawo."

Muka kama hanyar gabas cikin mota katkat, ni da shi da direba wanda bai taɓa ce mani uffan ba. Duk shingen soja da muka isa, Adum ne ke sauka. Ya nuna wata takarda, ya nuna ni da baki, su leƙo su dube ni, su ɗaga igiya. A shinge na uku wani soja ya daɗe yana kallona, ya yi mani tambaya da Larabci, ban gane ba. Adum ya amsa mashi, suka yi dariya tare. Na ga cewa a wannan hanya, in mutumin nan ya ce bai san ni ba, to ba wanda ya san ni.

A garin Ati aka sauke ni wani babban gida. Da na fito tsakar gida yin alwalar la'asar sai na ga buhunan siminti jibge, da ƙarafan da ake zuba zoben rijiya a ciki, da wata tsohuwar babbar mota. A ƙofar motar akwai tambari. Na tsaya da buta a hannu ina kallonshi. Shi ne tambarin da ke saman kowace takarda ta ɗan kwangilar da aka aiko ni in duba aikinshi.

Bayan salla Adum ya zo da shayi da wani dosiye na takardu. Na tambaye shi kai tsaye ko shi ma'aikacin ƙungiya ne. Ya ce a'a, shi ƙanin matar mai kamfani ne, ƙungiya ce ta ce su ba ni mota, shi kuma ya ga ya dace ya ba ni har da masauki. Ya buɗe dosiyen. Rahoto ne cikakke, an buga shi tsaf, rijiya shida duk lafiya lau, ga sunana a ƙasa, an bar wurin sa hannu da wurin tampo.

"Don in rage maka wahala," in ji shi.

Na ce, "Sai na gani da idona."

"Za ka gani mana. Ai daga sama ake ganin rijiya."

Da ya fita na kira gida. Matata Hadiza ta ɗauka, ina jin ƙarar turmi bayanta. Ta ce an yi ruwan fari a Sabon Maci, mutane sun fita shuka, Inna kuma tun safe take tambaya ko ina samun fura a can. Ta ce, "Baban Nana, muryarka ta sake. Lahiya dai?" Na ce lahiya lau, gajiyar mota ce. Na kashe salula na zauna gaban tuwon da aka kawo mani da wata miya mai yauƙi, na kasa kai loma biyu.

Zan faɗi abin da na yi a rijiyoyi uku na farko, ko da yake ba abin alfahari ba ne. Na auna faɗin baki, na auna zurfi da igiya, na sa aka ja ruwa na ɗanɗana. Na ɗauki madubi na karkata hasken rana ciki, na ga bango fari sumul iyakar inda haske ya kai. Na rubuta a littafina, na koma mota. Ban shiga ko ɗaya ba. Na san kuwa rijiya mai zurfin gaba talatin da wani abu ba a yi mata shaida daga sama. Amma a shekara taran da na yi a poroje, kullum akwai magina da nake aikawa ƙasa su hau su faɗa mani. Ni ban taɓa sauka ba. Ina ɗan shekara goma rijiya ta rufta da ƙanen babana a wajen Bader Goula, ina tsaye cikin mutanen da suka yini suna haƙa da hannu. Abin da ya kai ni karatun rijiya ke nan, kuma shi ne ya hana ni shiga.

Adum ya lura. A mota ya riƙa ba ni dabino yana cewa ni injiniya ne mai hankali.

Rijiya ta huɗu tana nesa da kowace hanya, cikin wani fili mai ƙaya. Mun isa da hantsi, muka tarar da raƙuma da shanu sun kewaye ta, mata na jan wasaki, gugan fata, da jakuna. Ina cikin karkata madubina sai na ji an ja hannun rigata. Wata tsohuwa ce, ƙanƙanuwa, baƙin mayafi. Ta kwance bakin mayafinta ta zuba mani wasu gutsattsari a tafin hannu. Siminti ne. Na matsa ɗaya da yatsa biyu, ya wargaje kamar busasshiyar fura. Ta yi ta magana tana nuna rijiyar, ban gane ko kalma ɗaya ba.

"Cewa take kowane wasaki da irin wannan yake fitowa."

Na juya da sauri, don rabona da jin Hausa daga bakin mutum, in ba a salula ba, tun filin jirgin Yamai. Wani dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, hannuwanshi duk kanta. Shi ne shugaban maginan da suka yi rijiyar, shi da mutanenshi huɗu suna nan suna ƙarasa kwamin shayar da dabbobi. Sunanshi Baba Harun. Hausarshi irin ta tsofaffi ce, gauraye da Larabci. Ya ce kakanshi daga ƙasar Gobir ya taso da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya nan ya yi aure, tafiya ta ƙare.

"Daga ina kake, ɗana?"

"Daga Dakoro, Baba."

"To ka san rijiya mai zurfi." Ya dubi abin da ke hannuna, ya dube ni.

Na ce a kawo igiya, zan shiga. Ban san lokacin da maganar ta fita daga bakina ba. Adum ya taso daga inuwar mota, ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa, har yanzu da murmushinshi.

"Injiniya, igiyar nan ta tsufa. Iskar ƙasa kuma ba ta da kyau, mutum kan shiga lafiya a ciro gawa. Kai baƙo ne, ko takarda ba ka da ita a aljihu. In wani abu ya faru, wa zan ce wa mi?"

Na dubi maginan. Su biyar ne, duk ma'aikatan surukin Adum, kuma aikin hannunsu zan je in tona. Su ne za su riƙe igiyar. Na so in ce na fasa. Tsohuwar tana tsaye tana kallona, gutsattsarinta na hannuna.

Baba Harun ya sa aka kafa ƙarafa uku bisa bakin rijiya, aka rataya puli, ƙarfen da igiya ke gudu a kai, aka zura igiya. Ya fara saukar da fitilar ƙwai a kunne har ƙasa, ya jawo ta, tana ci. Ya ɗaura guntun katako a bakin igiya, ya zaunar da ni kai, ya ɗaure ƙuguna da hannunshi, ya ja ƙullin sau biyu. Na sa hular kwano, na rataya tocila da 'yar guduma. Ya ce in ina son a tsaya in buga bango sau biyu, in ina son hawa in buga sau uku. Na yi bisimilla, ƙafafuna suka bar ƙasa.

Gaba biyar na farko bangon lafiya lau yake. Na ƙwanƙwasa, guduma ta yi tsalle, ƙara mai kyau. Daidai inda hasken madubi ke ƙarewa, nan aikin kirki ya ƙare. Daga nan launin bango ya koma ja-ja, yashi ya fi siminti yawa. Na buga, bakin guduma ya nutse. Zafi ya ragu, wani sanyi mai warin laka ya taso, kukan raƙuma ya yi nisa har ya ɓace. Igiya tana juya ni a hankali, ina tokare bango da ƙafa, duk inda na tokara sai yashi ya zubo, in daɗe ina saurare kafin in ji ya taɓa ruwa.

Wajen rabin zurfi na buga sau biyu, aka tsaya. Akwai tsaga a nan wadda ta zagaye rijiyar gaba ɗaya, hannuna na shiga ciki har wuyan hannu. Na haska. Babu ƙarfe ko ɗaya cikin simintin, kuma bayanshi rami ne, ƙasa ta zaizaye ta bar kogo. Na ƙwanƙwasa sama da tsagar, ya amsa kamar ganga. Duk abin da ke bisa kaina, zobe kan zobe, ba abin da ke riƙe da shi sai ikon Allah. Na ɗauki hoto da salula. Na cika aljihuna da gutsattsari. Na ɗaga kai, bakin rijiyar ya koma kamar ɗan faifai, da kawuna baƙaƙe a gefenshi. Ban ƙarasa ƙasa ba. Na buga sau uku.

Aka fara ja. Na hau kamar gaba uku, sai igiya ta tsaya. Ta zame ƙasa kamar kamu biyu, da fizga, har haɓata ta bugi guduma, sannan ta tsaya cak.

Na jira. Na buga sau uku. Shiru. Na sake bugawa, wani ɓangaren bango kamar faranti ya ɓalle ya wuce ta gefen gwiwata. Daga nan ban ƙara taɓa bango ba. Sama ina jin muryoyi, rijiya na kawo mani su a murɗe, ana faɗa da Larabci, murya ɗaya ta fi sauran ƙarfi. Kawunan da ke bakin rijiya duk sun ɓace. Na yi kira, "Baba! Baba Harun!" Muryata ta dawo mani ita kaɗai.

Ban san iyakar lokacin da na yi a rataye ba. Ina jin igiyar tana ƙara a hankali bisa kaina, ina jin yashi na zuba kan hulata, tsit, tsit. Na yi kalmar shahada. Na kama karanta duk abin da ya zo bakina, ina fara sura in manta ƙarshenta. Na tuna Hadiza ba ta ma san sunan garin da nake ba, na ce mata Cadi kawai. Na ga yadda za a yi: Adum zai koma Njamena ya ce injiniya ya gudu, ko ya ce bai taɓa zuwa ba, Inna ta yi ta zaman jira a ƙofar gida. Na rantse a raina in aka fitar da ni zan sa hannu a kan komi, ko takarda ɗari ce. Wani ɗumi ya bi cinyata, na san abin da ya faru, ban iya hanawa ba.

Sai igiya ta motsa. Wannan karon da gudu aka ja, ba tsayawa, ina karo da bango, ina kare fuska da hannu, har haske ya buge mani ido. Hannuwa suka kama ni suka ja ni waje. Na zube a gindin ƙarafan. Kafin kowa ya matso, Baba Harun ya dube ni sau ɗaya, ya ɗauki wasaki cike da ruwa ya juye mani tun daga kai har ƙafa. Ya ce da ƙarfi, da Larabci sannan da Hausa, haka suke yi wa duk wanda ya fito daga rijiya. Na san ba wata al'ada irin wannan, asirina ne ya rufa. Tafin hannuwanshi duka biyu sun sale, jini na bin yatsunshi.

Adum ya tsuguna gabana da dosiyen da alƙalami.

"Ka gani da idonka. Sai ka sa hannu mu tafi, rana na yi."

Rantsuwar da na yi a ƙasa tana nan cikin kaina. Na sa hannu a aljihu don in ciro tampo, sai na ciro yashi jiƙaƙƙe, abin da ya rage na gutsattsarin da na ɗebo. Na dubi matan da suka koma kan wasakansu a bakin rijiyar, da goyo a bayan wasunsu. Na ce mashi, "Rijiyar nan za ta rufta. Ba ni sa hannu."

Bai yi faɗa ba. Ya rufe dosiye, ya kakkaɓe shaddarshi, ya sa direba ya sauke jakata a ƙasa. Ina zaune ina kallo motar ta shige cikin ƙaya da fasfona.

Kwana biyu na yi a rugar makiyayan. Baba Harun ya fassara masu abin da na gani, dattawansu suka yi shawara, aka sare ƙaya aka rufe bakin rijiyar, suka koma tsohuwar rijiyarsu mai nisan rabin yini. Ba su ji daɗi ba, wani ma ya zage ni, ba sai an fassara mani ba. Amma matansu sun riƙa aiko mani da nonon raƙumi safe da yamma. Na tambayi Baba Harun abin da ya tsai da igiya. Ya ce, "Puli ne ya cije, ɗana," ya kau da kai. Na tambaye shi don mi ya bar ni na shiga, alhali shi ya gina ta. Ya ce siminti da ƙarfen da aka ba shi ya yi aiki da su, ya yi magana tun ana zubawa aka ce ya yi shiru. "Ni in na faɗa, maganar tsoho ce. Kai in ka rubuta, dole su karanta."

Ranar kasuwa ya sa ni cikin wata babbar motar dabbobi, ya damƙa ni hannun wani falke. Da kartin ɗan ƙasa na Nijar kaɗai na yi hanyar Njamena. A wani shinge jandarmomi suka sauke ni suka zaunar da ni cikin rana tun hantsi har azahar, falken nan ya hana mota tafiya, ya tsaya yana roƙo a kaina kamar ɗan'uwanshi, har suka gaji suka sake ni. Na isa biron ƙungiyar ina warin tumaki. Madam ta dawo. A gabanta na rubuta rahotona: rijiya ta huɗu na shiga, ba ta karɓuwa, uku na farko daga sama kawai na duba, ba ni iya yi masu shaida, biyu na ƙarshe ban gan su ba. Rubuta layin nan na tsakiya ya fi mani komi nauyi. Na sa hannu, na buga tampo. Kashegari wani ɗan aike ya aje fasfona wajen mai gadi, ba ko saƙo.

Na dawo Dakoro na rame. Labari ya riga ni isowa wajen abokan sana'a cewa an kai ni Cadi na tsorata na gudu na bar aiki. Na yi watanni ba wanda ya kira ni. Daga baya ƙungiyar ta ba da sunana ga wasu, na samu duba rijiyoyi a ƙasar Tawa, daga nan aiki ya fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kowace rijiya ni ke shiga da kaina, kuma har yau sai tsoro ya kama ni kafin ƙafata ta bar ƙasa.

Bayan kaka, wata ranar Talata ina biro, wata lambar Cadi ta kira ni. Baba Harun ne. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi hannuwanshi. Ya ce sun warke, sai dai kamfani ya sallame shi, yanzu yasar tsofaffin rijiyoyi yake yi wa makiyaya. Ya ce rijiya ta huɗu ta rufta da tsakiyar damina, tun daga tsagar nan, ba kowa a kusa.

Na yi hamdala. Sannan na ce, "Baba, don Allah, ranar nan ba puli ba ne ko?"

Wannan karon bai ɓoye mani ba.

"Ba puli ba ne. Adum ya ce a bar ka nan rataye sai ka yi ihu ka ce rijiya lafiya lau. Ya ce duk wanda ya ja, ya bar aiki. Uku suka saki igiya. Kada ka riƙe su a rai, masu iyali ne. Ni da ɗan ƙanena muka rage, muka naɗe ta a hannu. Riƙewa muka iya, ja ya fi ƙarfinmu, kuma hannuna ya fara saki."

"To wa ya jawo ni?"

"Tsohuwar nan da ta ba ka siminti. Ta yi wa matan tsawa, suka bar jakunansu suka kama igiya, su wajen goma. Adum na zaginsu, ko kallonshi ba su yi ba. Kana fitowa suka koma kan ruwansu."

Na nemi kujera na zauna. Na ce ya faɗa mani sunanta, ko akwai yadda zan aika mata da gaisuwa. Ya ce bai sani ba, shi ma Hajja kawai ya ji ana kiranta, kuma tun farkon kaka suka yi kudu da dabbobinsu.